Uwar Albasar Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta a bayan garinmu, nan ƙasar Kura.

Kwana uku na yi a tabarmar karɓar gaisuwa, kuma na ga abin da ban taɓa gani ba a mutuwar tsohuwa. Mata dai sun yi kukansu a cikin gida, wannan ba sabon abu ba ne. Mazan ne suka ba ni mamaki. Manoma suka riƙa sauka daga babura, daga Bunkure, daga Garun Malam, har daga Dawakin Kudu, mutanen da ba mu haɗa ko kakan kaka da su ba. Mutum zai durƙusa ya yi addu'a, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya miƙe kamar zai tafi, sai kuma ya dawo kusa da ni ya rage murya ya ce, to irin fa? Wani dattijo ya ce tun da ya fara shuka irin albasar Gwaggo bai sake kallon na kasuwa ba, ya faɗi haka hawaye na bin gemunsa, ni kuwa na kasa gane ko Gwaggo yake wa kuka ko albasa. Wata Bafulatana da ta saba kawo mata nono ta ajiye ƙwaryarta a zaure ta ce a sha sadaka, ta juya ba ta jira godiya ba. Baba, wato mahaifina, shi ne autan ɗakinsu, yana zaune a tsakiya da carbi. Ban da "Allah ya ba da lada" ba a ji komai daga bakinsa ba.

A wajenmu idan mace ta rasu, da tuwonta ake tuna ta da 'ya'yan da ta bari. Gwaggo ta iya tuwo, ta kuma bar maza uku, duk suna aiki a birni. Amma ni ina so a tuna ta da abin da ta sani, domin ta san wani abu game da tsiro wanda ni sai da na je jami'a na biya kuɗin makaranta sannan aka gaya min. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bayan rasuwar mijinta ta shiga cikin matan da ake ɗauka aikin yini a gonar gwaji ta Kadawa. Aikinta shi ne ta riƙe ɗan hantsaki ta bi furanni ɗaya bayan ɗaya, ta cire 'yan kawunan da ke fitar da garin fure, wannan rawayan gari da ƙuda da zuma ke kwasa su kai wa wani fure ya ɗauki iri. Ana cirewa ne don kada tsiro ya auri kansa, sai wanda aka zaɓa masa. Gwaggo ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma tambaya gare ta kamar alƙali. Wani malamin bincike da ta dama da tambaya ya nuna mata wata albasa da ba ta buƙatar hantsaki, domin furenta tun asali ba ya fitar da gari. Da aikinsa ya ƙare zai koma garinsu, sai ya ba ta kwano biyu na albasa, ya ce kada ta yarda ta haɗa su. Daga waɗannan kwanuka biyu ne duk labarin ya tashi.

Ita ta raɗa musu suna. Wadda ba ta da gari ta kira ta uwa. Ta kwano na biyu ta kira ta mai riƙo. Kamarsu ɗaya sak, ganye da kai da launi, sai dai mai riƙo yana da gari. Idan garin mai riƙo ya hau furen uwa, aka ɗebi iri a jikin uwa, duk abin da ya tsiro uwa ce, babu gari. Idan kuwa a jikin mai riƙo aka ɗebi irin, duk mai riƙo ne zai fito. Ta haka take raya su biyun kowace shekara. Sai kuma a wani babban fili ta jera uwa kusa da jar albasar garinmu, wadda take kira ango. Tun da uwa ba ta da garin kanta, duk irin da ta ɗauka na ango ne, kuma shi ne irin da manoma ke rububi, mai ba da albasa mai manyan kai daidai wa daida, mai jure ajiya. Idan aka tambaye ta sirrin, amsarta ɗaya ce: "A jikin wa ka ɗebi irin? Shi ke nan tambayar."

Shekarar farko a gefen gonar Baba ta shuka su, kuma a nan aka yi rigimar da duk danginmu suka sani. Gwaggo ta tafi suna Bunkure. Baba ya zaga gona ya tarar da layukan albasa sun yi fure, amma kawunan garin duk sun yanƙwane, ba rawaya ko kaɗan. Baba manomi ne na gaske, kuma manomin gaske idan ya ga tsiro mara lafiya tuge shi yake kafin ya shafa wa sauran. Ya naɗe hannun riga ya kama aiki. Da ta dawo ta same shi ya kusa gamawa, tushe biyar kacal suka rage a ƙasa. Waɗanda suka gani sun ce ba ta yi ihu ba, ta dai shiga ta tsaya a gaban tushe biyar ɗin ta ce, "Auta, idan ka ƙara tuge ɗaya, ka haɗa da ni." Duk uwar albasar da aka taɓa shukawa a ƙasar nan daga waɗannan biyar ta fito.

Baba bai ba da haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Watanni suka yi ba abin da ke haɗa su sai ina kwana, shi ma don gudun zunubin gaba. Daga baya sun shirya, amma fiye da shekara talatin duk inda zancen ya taso Baba zai ce tsiron da ba shi da gari mara lafiya ne, ko Yaya ta so ko ta ƙi. Ita kuwa kowace kaka sai ta ƙulle iri a tsumma ta ba mahaifiyata, mahaifiyata ta ajiye a kan buhun taki inda zai gani. Yana shukawa, yana kwasar albasa, bai taɓa cewa ga inda irin ya fito ba. Mu 'ya'ya mun koyi kama bakinmu.

Bayan rigimar ta nemi fili a can ƙarshen kwata, wato magudanar ruwan noman rani, inda ruwan madatsa ke isa bayan kowa ya sha ya ƙoshi, wurin da ba wanda ke so. Mutane suka ce fushi ne ya kai ta. Ba fushi ba ne, nisa take nema, don kada ƙuda ya kwaso mata garin albasar wani. Ɗan filin uwa da mai riƙo kuwa rufe shi take da tsofaffin gidajen sauro, waɗanda take bi gida gida tana roƙa tana ɗinkewa. A ciki sai ta ajiye kawunan kifi a kasko su ruɓe, ƙudaje su ƙyanƙyashe su yi mata aikin kai gari daga layi zuwa layi. Wari kam ba a magana. Mata suka sa mata Gwaggo mai ƙuda, ita kuma ta karɓi sunan hannu biyu, tana cewa ma'aikatanta ba sa zuwa a makare, ba sa tafiya biki.

Tana da wata ɗabi'a da duk wanda ya san ta ya sani. Ba ta wuce fure ba ta murza shi a bayan hannunta ba, ta ɗaga hannun sama ta duba a hasken rana. Idan akwai gari, rawayan zai fito sarai a kan baƙar fatarta. Idan babu, babu. Har furen kabewar gidan mutane murzawa take. Baba ya sha yi mata ba'a da wannan, yana cewa wata rana Yaya za ta murza kunama.

Maƙwabcin gonarta, mai noman tattasai, ya taɓa zuwa gab da kai ƙarar wani manomin shinkafa. Ya yi renon iri don dashe, sai rabin 'ya'yan tattasan suka tsiro fari fat, bayan 'yan kwanaki suka kwanta suka mutu. Ya rantse maganin ciyawar da mutumin ya fesa ne iska ta kawo. An kai ga kama riga. Gwaggo ta zo ta tsuguna ta dubi renon, ta tambaye shi a jikin wane tsiro ya ɗebi irin. Ya ce wani kyakkyawan tattasai ne da ya fito masa bara, mai ganye rabi kore rabi fari, har da reshe guda fari tas, ya ga abin sha'awa ne ya ware 'ya'yansa. Ta ce to ya saki rigar bawan Allah. Reshen da ba shi da kore ba shi da koren da zai ba 'ya'yansa, ko garin wane fure ya hau shi, domin kore ta wajen uwa yake zuwa. A jikin uwar, koren reshe ne ke ciyar da farin, amma ɗan da ya tsiro fari shi kaɗai ba shi da mai dafa masa. Maƙwabcin bai yarda ba sai da ta sa shi ya shuka ragowar irin a kasko a tsakar gidansa, inda ba mai feshi, ya ga farare sun sake fitowa. Da ƙafarsa ya je ya ba mai shinkafa haƙuri. Tun daga ranar ba ya kiranta da komai sai Hajiya, alhali ba ta taɓa zuwa Makka ba.

Ni kuma nawa rabon na samu ne da na dawo hutu daga jami'a, kaina na hayaƙi. Na same ta tana sheƙe iri a faifai, na zauna zan wayar mata da kai. Na ce mata a cikin kowace ƙwayar halittar tsiro akwai cibiya, wadda ke ɗauke da gado rabi daga uwa rabi daga uba. Amma a gefen cibiyar akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa iri biyu masu nasu ɗan gadon daban. Ɗaya ana ce masa filastid, shi ke riƙe da kore yana haɗa abinci da hasken rana. Ɗaya maitokondiriya, shi ke ƙona abincin ya ba da ƙarfi. Na ce a yawancin tsirran da muke nomawa waɗannan biyun ta ƙwan uwa kawai suke wucewa, garin fure ba ya kawo su. Farin tattasai matsalar na farkon ce, rashin garin albasarta kuwa daga na biyun yake. Ta bar ni na gama tas, ba ta daina sheƙa ba. Sannan ta ce:

"Wato tukunya da murhu. To ɗana, a garin nan ka taɓa ganin ango ya zo da murhu? Amarya ke zuwa da kayan ɗakinta daga gidan uwarta. Shi ango da hularsa yake shigowa."

Na ce haka ne. Ta ce uwa da mai riƙo ai ɗaki ɗaya ne, murhun ne kawai ya bambanta, kuma shekara nawa aka ce zan yi a makarantar? Yau shekarata goma sha ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma da murhun Gwaggo nake koyar da wannan babi. Ban taɓa samun ɗalibin da bai gane ba.

A wannan zaman ne na gaya mata cewa mu mutane ma murhun ta wajen uwa muke gadonsa. Ta dakata da faifan. Ta ce ke nan na uwarsu yana jikinta yana jikin Auta, shi namiji ne ba zai ba kowa ba, ita kuma maza ta haifa. Na ji ba daɗi, na fara kame-kame. Ta yi dariya ta nuna hanyar gona da haɓa ta ce 'ya'yanta mata suna can ƙarƙashin gidan sauro.

Ba zan ɓoye aibinta ba, taurin kai ne da ita, na gidanmu. Ba ta sa alama a layukanta, kuma kowace shekara sai ta sauya jerin, wai don kada wani ya zo ya tsinke mata kan uwa. Komai yana kanta. Bara na roƙe ta ta bar ni in zana taswirar filin a takarda, ta harare ni ta ce jira nake ta mutu ke nan? Na bar zancen, kuma barin da na yi ya dame ni a kwana ukun da na yi a tabarma. Irin albasa ba ya jimre ajiya, ya wuce shekara ya fara mutuwa, saboda haka duk abin da ya rage na uwa da mai riƙo a ƙasar nan yana tsaye a ɗan filin nan. Fure ya riga ya zube, kawuna sun bushe, baƙin iri ya fara leƙowa. A wannan mataki ba idon da zai bambanta su.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, maƙwabcin nan mai tattasai ya miƙe ya ce su manoman ƙarshen kwata sun yanke shawara. Irin Hajiya ya nuna, idan aka ƙara kwana biyu zubewa zai yi, don haka yanzu za su tafi gayya su yanke shi kaf, su zuba a buhu su kawo gida, shi ne ɗan abin da za su iya yi mata. Jama'a suka yi ta sa albarka. Ni kuwa haɗari na hango. A wajenmu haka ake yankan irin albasa, a bi fili a tara a tabarma ɗaya a sussuke. Idan suka yi wa filin uwa da mai riƙo haka, sai an jira shekara biyu a ga fure sannan a rarrabe kai ɗaya ɗaya, kuma mai wannan haƙurin ita muka binne. Na dubi Baba. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya saka da alheri. Ba zan iya tsinka maganar mahaifina a gaban mutane ba, balle a kan albasar da ya yi shekara talatin yana kira mara lafiya.

Na ja maƙwabcin gefe na ce masa irin nan fa kashi biyu ne. Ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, Malam, ko ƙwaya ɗaya ba za su bari ta faɗi ƙasa ba. Kafin in ƙara magana surukaina suka iso gaisuwa daga Kano, mota guda, dole na koma na durƙusa. Da na samu na zame, masu gayya sun fi rabin awa da tafiya. Na lura gurbin Baba a tabarma babu kowa, na ɗauka ya shiga gida ya ɗan kishingiɗa.

Na bi gefen kwata da babur ina gudun da bai dace da mai makoki ba, ina ta lissafin abin da zan ce idan na tarar an gama. Da na iso sai na ga mutum kusan ashirin zaune a kan gaɓar kwata da wuƙaƙensu da buhuna, ba wanda ya shiga fili. Maƙwabcin ya ce Baba ya riga su zuwa a bayan babur ɗin wani, ya tare bakin filin da sandarsa, ya ce kada wanda ya yanki kai ɗaya sai ya ce.

Yana ciki, a durƙushe tsakanin layuka, babbar rigarsa duk ƙasa, yana buɗa busassun karare da hannu yana leƙa gindinsu. Sai a lokacin na tuna abin da kowane manomin albasa ya sani, ni mai digiri na manta. Kusan kowane layi ba ya rasa ɗan baya, wani ɗan ƙaramin kai da ke fitowa a makare, yana fure bayan 'yan'uwansa sun bushe. Baba ya samu ɗaya a layin farko. Ya tsinko shi, ya murza a bayan hannunsa, ya ɗaga hannun sama wajen rana, daidai yadda Gwaggo take yi. Ya daɗe yana kallo. Idonsa ya yi rauni shekarun nan, ga kuma ruwa ya cika shi. Sai ya miƙo min hannun ba tare da ya dube ni ba.

"Duba min. Akwai gari?"

Na riƙe hannun na duba da kyau. "Babu, Baba."

"To wannan uwa ce," ya ce. "Lafiyarta ƙalau. A kawo mata buhunta daban."

Haka muka bi filin layi layi har azahar, yana murzawa ina dubawa, masu gayya na biye da mu da buhu biyu. Layi biyu ba mu samu ɗan baya a cikinsu ba, ya ce a sa su a buhu na uku, ba za a yi wa Yaya ƙarya ba. Da muka dawo gida bai bar kowa ya ɗauki buhun uwa ba. Shi ya rungume shi ya kai ɗakinsa, ya ce in zo da takardata gobe mu zana yadda za a jera su.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya sa abin da ta shuka ya zame mata sadaka mai gudana. Ga masu tambayata irin fa, yana nan. Baba ya fara bi gida gida yana roƙon tsofaffin gidajen sauro.